Jinin da Ya Hau Bai Sauka Ba: Kalmar "Hawan Jini" da Ƙwaƙwalwar Dattawan Gwarzo da Kabo

Hanyar da ta bi ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero ita ce hanyar Gwarzo. Wanda ya miƙe ta ya yi yamma zai bar Rimin Gado a baya, ya ratsa ƙasar Kabo ta wajen Garo, ya isa Gwarzo, daga can kuma sai Dayi ta jihar Katsina. Ɗaliban Hausa masu yawa sun bi wannan hanya da rakoda a aljihu da takardar tambayoyi a hannu, suna cigiyar dattijon da zai ba su tarihin kafuwar gari, ko kirarin maharba, ko yadda ake kamun amarya kafin zamani ya sauya. A ƙarshen kundin digiri sai a jera sunayensu a rataye: wane, mai shekara 72, a zauren gidansa, wance, mai shekara 80, a ɗakinta. Akan tantance shekarun mai ba da bayani da sana'arsa da matsayinsa a gari. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne halin da rumbun da aka ɗebo bayanan yake ciki, wato ƙwaƙwalwarsa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, cutar hawan jini tana cin wannan rumbu kamar yadda ƙwaro yake cin hatsi a dami: zangarniya tana nan da kyanta, sai an zo sussuka a tarar da gari. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ɓarnar take shigowa kuwa ita ce yadda Hausa take maganar cutar da maganinta. In har haka ne, to batun ya wuce na likitoci su kaɗai. Masu nazarin harshe da al'ada suna da hannu a ciki ta fuska biyu: kalmomin da ake gardama a kansu kayan aikinsu ne, mutanen da abin yake ci kuma su ne madogararsu.

Girman matsalar ba ya buƙatar dogon bayani. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun ninka, daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya, nazarin da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka buga a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 kusan kashi 32 cikin 100 na manya suna da cutar. Daga cikinsu kashi 29 ne kawai suka sani, kashi 12 suke shan magani, waɗanda jininsu ya daidaita kuwa ba su kai kashi 3 ba. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, waɗanda suke mazaɓa ɗaya a Majalisar Wakilai, sun haura mutum dubu 300 a haɗe tun a ƙidayar 2006. Ko da an rage wani abu daga wancan ƙiyasi saboda rayuwar karkara da aikin gona, abin da zai saura dubban magidanta ne da iyaye mata, daga Getso da Kutama da Lakwaya zuwa Gude da Godiya da Durun.

A lura da tazarar da ke tsakanin kashi 29 da kashi 3. Waɗannan mutane ne da aka auna, aka faɗa musu, da yawa ma suka karɓi magani, amma jinin bai daidaita ba. Talauci yana da kaso mai tsoka a wannan tazara. Sai dai ba shi kaɗai ba ne.

Abin da yake faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwa tana da sashe mai launin toka a samanta, inda ƙwayoyin tunani suke, da kuma farin sashe a ciki, wanda tarin zaruruwa ne da suke kai saƙo daga wannan yanki zuwa wancan. Farin nasa ya samo asali ne daga rigar kitse da ta lulluɓe kowane zare, wadda take sa saƙo ya yi sauri. Jinin da yake ciyar da wannan sashe yana isa ne ta wasu 'yan siraran hanyoyi masu tsawo da suke nutsawa can ciki, kuma kusan ba su da rassan da za su kawo ɗauki idan ɗaya ta toshe.

Manomin rani na bakin madatsar Guzuguzu ya san kwatankwacin wannan. Idan inji yana turo ruwa da ƙarfin da ya wuce kima, babbar hanyar ruwa takan jure, amma ƙananan da suke shiga fangali sai su zaizaye, ko su cushe, ko su ɓalle, kuma fangalin da ya fi nisa shi yake fara ƙishi. Haka jini mai ƙarfi yake yi wa waɗannan siraran hanyoyi shekara da shekaru: bangonsu ya yi kauri ya ƙandare, cikinsu ya tsuke, wani wurin ya riƙa tsattsafo. Rigar zaruruwan sai ta fara zagwanyewa. Idan aka ɗauki hoton kan da na'urar MRI, mai aiki da ƙarfin maganaɗisu, wuraren da suka lalace sukan fito kamar fararen tabbai, tare da 'yan ramuka inda wata hanya ta toshe gaba ɗaya, da ɗige-ɗigen tsohon jini inda wata ta tsage.

Mai wannan lalura ba ya jin zafi. Abin da iyalinsa za su gani, bayan shekaru, shi ne mutumin da tunaninsa ya yi nauyi. Ya san amsa, amma sai an jira shi. Lissafin awon da ya saba yi da ka ya fara kakare masa. Takunsa ya gajarta, yana jan ƙafa kamar mai tafiya a taɓo. Fitsari ya daina yi masa haƙuri, don haka alwala ta zama aiki, sannu a hankali ya janye daga sahun jam'i ba tare da ya faɗi dalili ba. Wani sai ya rasa sha'awar komai, ya yini a zaure bai ce uffan ba; wani kuka ko dariya su riƙa zo masa ba gaira ba dalili. Shekaru su kaɗai ma suna kawo irin waɗannan tabbai, kuma ba duk mai su ne yake ruɗewa ba. Amma a cikin abubuwan da suke hanzarta su, hawan jini ne babba a jerin waɗanda ake iya yi wa wani abu.

Ƙarshen hanyar, ga wasu, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Ghana, ciki har da na Kano da Zariya, aka kuma buga a 2018 ƙarƙashin jagorancin Mayowa Owolabi, ya kwatanta mutum 2,118 da suka sami shanyewar jiki da takwarorinsu masu lafiya. Ya gano kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin yana rataye ne a wuyan hawan jini.

Abin da ya hau, ana jiran ya sauka

"Hawan jini" harɗaɗɗiyar kalma ce mai daɗin faɗi, kuma ta kama bakin mutane ta yadda babu kwamitin da zai iya tumɓuke ta. Amma a dubi abin da take ɗauke da shi. A Hausa "hawa" ba ta tafiya sai da abokiyar burminta, "sauka". Ana hawa bishiya a sauka, farashi ya hau ya sauka, zazzaɓi ya hau ya sauka. Hawan salla ma kwanaki ƙalilan ne. Saboda haka idan ma'aikacin lafiya ya ce wa dattijo "jininka ya hau", ya yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci ya ba shi labarin wani abu da ya auku. Dattijo zai sha ƙwayoyi na mako biyu, ya dawo, a auna, a ce masa "Alhamdu lillahi, ya sauka." A nahawun Hausa an rufe zance ke nan. Idan daga baya ɗansa ya tambaye shi, "Baba, an sha maganin kuwa?" ya amsa, "Ai jinin ya sauka, ɗan nan," bai yi gardama da likita ba. Maganar likita ya maimaita.

Abin da likita yake nufi kuwa yanayi ne zaunanne, wanda ya fi dacewa da lokaci sabau ko lokaci mai ci: jinin wannan bawan Allah yakan zauna a sama, yana nan a sama ko yana barci, ko yana raha, ko kansa ba ya ciwo. Ma'aunin da aka yi ittifaƙi a kai shi ne lambar sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a awo na ranaku daban-daban. Galibin masu wannan lamba ba sa jin komai. Amma a fahimtar yau da kullum an ɗaure cutar da ciwon kai da jiri da rashin barci, don haka ranar da kai ya yi sanyi an ɗauka ta tafi.

Akwai wani nauyi na biyu da kalmar ta ɗauka. "Kada ka sa mini hawan jini" magana ce da uwa take faɗa wa ɗa, mata take faɗa wa miji, kuma finafinan Hausa sun sa ta zama ruwan dare. A nan hawan jini ya tashi daga cuta ya koma tuhuma: akwai wanda ya jawo shi. Kalmar "tunani" ta ƙara ɗaure zancen, domin a Hausa tana nufin aikin hankali, tana kuma nufin damuwa. "Tunani ya yi masa yawa" ita ce fassarar da aka fi yi wa cutar. Wannan fahimta ba ta rasa gaskiya ɗungurungum ba, domin binciken SIREN ɗin ma ya lissafa damuwa a cikin abubuwan da suke ƙara haɗari, tare da barbaɗa gishiri a abinci da ƙarancin cin ganye. Illarta ita ce ta mayar da "a rage tunani, a yi haƙuri" ya zama shi ne maganin, ta kuma sa mutum mai sanyin hali, wanda ya rufa wa kansa asiri, ya ga babu abin da zai kai shi awo. Gado da shekaru da gishiri da dunƙulen miya da ƙiba ba su san mai haƙuri ba.

Sai kalmar "magani" ita kanta. Nazarce-nazarcen da aka yi a kan magungunan Hausawa, daga littafin Lewis Wall na 1988, wanda ya yi aikinsa a yankin Malumfashi, maƙwabciyar Gwarzo, zuwa kundin Aliyu Muhammad Bunza na 1995 a kan ayyukan malaman tsibbu, sun nuna faɗin wannan kalma: ta haɗa abin da yake warkarwa da abin da yake tsarewa da abin da yake jawo sa'a. Amma idan ana maganar ciwon jiki, tsammanin mai sha shi ne a sha a warke a bari. Ƙwayar da aka ce za a sha har iyakar rai ba ta da gurbi mai kyau a wannan tsari. Ko dai a ɗauke ta a matsayin mai rauni, tunda ta kasa kashe ciwon, ko a ji tsoron jiki ya saba da ita. Mai tallar magani da lasifika a cin kasuwa, wanda yake rantsuwa cewa garinsa yana raba mutum da hawan jini har abada, ya fi ma'aikacin asibiti iya Hausa ta wannan fuska: ya yi alkawarin abin da kalmar take alkawartawa.

Idan ɓarnar ta bayyana kuma, sai harshe ya sake yi mata lulluɓi. Nauyin tunani da jan ƙafa da mantuwa sunansu "tsufa ne", ko "gigin tsufa", ko "ya fara ruɗewa". Kunya da girmamawa suna hana 'ya'ya su ce hankalin mahaifinsu ya taɓu, kuma wannan ɗabi'a ce mai kyau da take kare mutuncin tsoho. Sai dai tana rufe ƙofar tambayar ko akwai abin da ya jawo. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a makewayi da asuba, ya tashi baki a karkace, da yawa za su fara tunanin iska ko jifa, saboda abin da aka sani game da mazauna makewayi, alhali safiya lokaci ne da jini yake ƙara ƙarfi bayan tashi daga barci. Awannin da ya kamata a yi a hanyar asibiti sai a yi su a hayaƙi da tofi. Manazarta Hausa ba baƙi ba ne ga irin wannan: sunan "shan inna" ya ɗora ciwon a kan wata iska, kuma littafin Elisha Renne na 2010 a kan siyasar cutar a arewacin Nijeriya ya nuna suna ba ƙaramin abu ba ne wajen inda ake nufa da mara lafiya.

Shin maganin yana kare ƙwaƙwalwar?

Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, ba ta wa'azi ba. A Amurka, gwajin SPRINT ya raba mutum 9,361 masu shekara 50 zuwa sama gida biyu: wasu aka nemi lambar samansu ta koma ƙasa da 120, wasu ƙasa da 140. Sakamakon ɓangaren ƙwaƙwalwa ya fito a 2019. A cikin mutum 449 da aka sake ɗaukar hoton kansu bayan kimanin shekara huɗu, fararen tabban sun ƙaru da mililita 0.92 a rukunin farko, da mililita 1.45 a na biyu. Bambancin kimanin kashi ɗaya cikin goma ne na ƙaramin cokalin shayi, kuma a duka rukunin tabban gaba suka yi, ba baya ba. Hasali ma girman ƙwaƙwalwar gaba ɗaya ya ɗan fi raguwa a rukunin da aka matsa wa magani, abin da masana ba su gama daddale ma'anarsa ba. Raunin tunani mai sauƙi ya ragu da kashi 19 cikin 100, amma raguwar cikakkiyar ruɗewa ba ta kai matakin da za a yanke hukunci ba. Gwajin bai haɗa da masu ciwon sukari ko waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki ba.

Hujjar da ta fi kusa da halin Gwarzo da Kabo daga karkarar Sin ta fito. A ƙauyuka 326, an ɗora wa ma'aikatan lafiya na ƙauye, waɗanda ba cikakkun likitoci ba ne, alhakin kula da jinin mutum kusan dubu 34. An horar da su, aka ba su tsari mai sauƙi na ƙara magani mataki-mataki, aka sauƙaƙa kuɗin ƙwayoyin, suka riƙa bibiyar mutane. Bayan shekara huɗu, kamar yadda aka buga a 2025, ruɗewar ƙwaƙwalwa ta ragu da kashi 15 cikin 100 a ƙauyukan da aka yi wannan aiki. Babu na'urar MRI a cikin wannan nasara. Akwai ma'auni, da ƙwaya mai araha, da mutumin gari da yake magana da harshen gari.

Darasin da ke cikin waɗannan gwaje-gwaje biyu shi ne magani yana rage gudun ɓarna, ba ya mayar da abin da ya lalace. Saboda haka lokacin da ya fi amfani shi ne shekarun 40 da 50, sa'ad da mutum yake ganin kansa garau. Kayan aikin kuma ba su yi nisa ba. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida aka buga a 2019, ya nuna haɗin da yake ɗauke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata. Tun 2020 Kano, tare da Ogun, ta shiga shirin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya na kula da hawan jini a ƙananan asibitoci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives suka tallafa, kuma matakinsa na farko ƙwaya ɗaya ce ta amlodipine a rana. Ba kuma a cewa a matsa wa kowane tsoho har jini ya yi ƙasa da yawa. Jiri da faɗuwa da taɓuwar ƙoda haɗura ne na gaske, shi ya sa awo a kai a kai yake cikin maganin.

Mai suka zai ce kalma ba ta sayen ƙwaya. Manomin da ya sayar da buhun masara don takin bana ba nahawu ne ya hana shi komawa Babban Asibitin Gwarzo ba, kuɗin mota ne da na magani. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya musa ta bai san ƙauye ba. Amma gidan da yake cewa babu kuɗin ƙwayar wata guda, shi ne yake sayar da akuya ko ya jinginar da gona ranar da maigida ya faɗi. Mutane suna kashe kuɗi a kan abin da suka yarda haɗari ne. Abin da yake sa a yarda ko a ƙi, da Hausa ake faɗarsa. Kuma wanda yake sayen ƙwayoyin kashe ciwon jiki a kemis duk yamma bayan aikin gona, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda su kansu suna ƙara hawan jini, ba rashin kuɗi ne ya zaɓar masa wannan ya bar wancan ba.

Rabon sashen Hausa

Kalmar da likitocin duniya suke kiran waɗannan fararen tabbai da ita ba ta daɗe ba. A 1986 ne Vladimir Hachinski da abokan aikinsa biyu a Kanada suka ƙera ta daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai ma'anar fari, ɗaya mai ma'anar sirancewa. Ɗaya daga cikin ukun, Paul Potter, masanin tarihin likitanci ne mai fassara tsofaffin littattafan Girkanci. Wato ko a can sai da aka zauna da mai sanin harshe kafin abin ya sami suna. Hausa tana da tarihin irin wannan zama: littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da jerin kalmomin ƙanjamau da Ebola da Herbert Igboanusi ya jagoranta a 2017. Cututtukan da suke zama da mutum, waɗanda ba annoba ba, su ne ba su sami irin wannan gata ba.

Wurin farawa shi ne kalmar "jijiya". A Hausa ita ce hanyar jini, ita ce zaren da yake kai saƙo, ita ce kuma agarar da take ɗaure tsoka da ƙashi. Duk bayanin da aka yi a sama ya ta'allaƙa ne a kan cewa ta farko tana cutar da ta biyu. Ma'aikacin da ya ce wa tsohuwa "jijiyoyin kanki ne suka sami matsala" bai faɗa mata komai ba, ko kuma ya tura ta wurin mai tausa da mai ƙaho. Ana iya keɓe "hanyar jini" ga ta farko, "zaren saƙo" ga ta biyu, a ga ko za su zauna a bakin mutane.

Game da maganin kuwa, Hausa ba ta rasa gurbin abin da ake riƙewa kullum ba. Gurbin yana wajen ɗakin magani ne kawai. Dabaibayi ba ya sauya halin jaki, amma muddin yana ƙafarsa ba zai shiga gonar mutane ba, kuma babu manomin da yake kwance shi don ya ga jakin ya natsu. Ma'aikaciyar da za ta ce, "Baba, jinin bai sauka don kansa ba, ƙwayar ce ta yi masa dabaibayi, ranar da aka kwance zai koma," ta faɗi abin da "ya sauka" ta kasa faɗa. Wannan shawara ce kawai. Ƙila a Kabo linzami ya fi shiga, ƙila mata su fi gane wani misali daga madafa. Ba a ɗakin taro ake yanke wannan ba. Aiki ne na ɗalibin da zai zauna a ƙaramin asibiti da izini, ya naɗi yadda ake faɗa wa mutum sakamakon awonsa, sannan ya bi shi gida ya ji yadda ya fassara wa iyalinsa. Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai kundin digiri na biyu cikakke a fannin ma'ana, kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano za su karanta shi.

Haka nan gwajin tunani. Tambayoyin da aka tsara don wanda ya yi boko, kamar zana agogo ko jera haruffan kalma daga ƙarshe, za su mayar da tsohuwar da hankalinta yake garau ta zama mai ruɗewa a takarda. Masu binciken da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da na Indiyanafolis tun farkon shekarun 1990 sai da suka daidaita tambayoyinsu da Yarabanci da rayuwar Yarabawa. Wanda zai san ko jera ranakun kasuwannin yanki, ko lissafin canjin kuɗi, ko ƙarasa karin magana zai auna abin da ake son aunawa a Getso, shi ne wanda ya karanci Hausa da al'adunta.

Akwai kuma abin da ya shafi ingancin binciken Hausa kai tsaye. Lalacewar farin sashe ta fi taɓa saurin tunani da tsara abubuwa bi da bi da lalubo abin da aka ajiye, fiye da yadda take share ajiyar ita kanta. Dattijon da ta kama yana iya kawo kirarin da ya haddace tun yana saurayi tiryan-tiryan, amma ya sarƙe jerin dagatan garinsa, ya sa jika kafin kaka. Ya fi gane abu idan an ambata masa a kan ya kawo shi da kansa. Ɗalibin da ya ƙosa da shirun, ya ce "Baba, ko wane ne ya gaje shi?", zai sami "ƙwarai kuwa", ya rubuta a matsayin ruwaya abin da shi da kansa ya kawo. Wannan ba dalili ba ne na raina bayanin tsofaffi. Dalili ne na ba su lokaci, da komawa sau biyu ko uku, da gwama ruwayar mutum ɗaya da ta wani, da kuma gaggauta zuwa wurin masu shekara 60 maimakon jiran su cika 80 don lambar ta yi kyau a rataye.

Ɗalibi ba likita ba ne, kuma bai kamata ya shiga gidan mutane yana ba da fatawar magani ba. Amma yakan zauna awa biyu a zaure, fiye da lokacin da kowane ma'aikacin lafiya zai iya ba wa mutum ɗaya. Idan ya ga ragowar ƙwayoyi a leda a kan taga, babu laifi ya tambaya cikin ladabi ko na mene ne, da yaushe aka sha na ƙarshe, da abin da aka ce ranar da aka bayar. Amsar da za a ba shi, da kalmomin da za a zaɓa, da lokacin aikatau da za a yi amfani da shi, bayanai ne na nazarin harshe kamar kirarin da ya zo nema. Idan ya fito, ɗan da ya rako shi bakin hanya shi ne wanda za a tambaya ko an auna jinin Baba a bana.